Shigar Burtu

Da wuya mako ya shuɗe ban ji mai karanta labarai a rediyo ya ce wasu mutane sun yi shigar burtu ba. Yau a ce ɓarayi ne suka sa kayan jami'an tsaro suka tare hanya, gobe a ce wani ƙato ne ya lulluɓa da hijabi ya kutsa cikin mata a gidan biki. Kowa ya san abin da ake nufi: mutum ya ɓad da kama domin ya kusanci wanda yake so ya cuta. Amma na sha tambayar abokan karatuna ko sun san dalilin da ya sa aka jingina wa burtu wannan shiga, sai in tarar da yawansu ba su ma san tsuntsu ba ne. Ni kuwa na san shi tun ban kai shekara goma ba, ko da yake kan na fara sani kafin in ga mai kan, domin a rataye yake a ɗakin kakana na wajen uba, a wani ƙauye na kudancin ƙasar Kano, daura da dajin Falgore.

Kan burtu ne na gaske, busasshe, da dogon baƙin bakinsa da tozon nan mai kama da ƙaho da ke bisa bakin. An dasa shi a kan wani lanƙwasasshen itace wanda ya zame masa wuya, aka naɗe itacen da baƙar fata, aka manna 'ya'yan idon zakara da kakin zuma a daidai inda jan maƙogwaron tsuntsun yake. A gindin itacen akwai ɗan matashin fata da ake ɗorawa a goshi, da tsirkiyar da ake ɗaurewa ta ƙeya. Can ƙarƙashin wuyan, inda ido ba ya saurin kaiwa, an ɗinke wasu layu biyu ƙanana. Zan dawo kan layun nan, domin su ne suka sa ni rubuta wannan muƙala.

Burtu tsuntsu ne baƙi, ya kusa kai girman talotalo, ya kuma fi son tafiya a ƙasa da tashi sama. Bibbiyu ko uku-uku suke yawo a fako da saura, suna tsintar fara da ƙadangaru da ƙananan macizai. Barewa da gada da mariya sun buɗi ido sun gan shi yana kiwo a gefensu, bai taɓa yi musu komai ba. Kaka yakan ƙara da cewa burtu tsuntsu ne mai yawan lura, saboda haka muddin yana kiwonsa hankali kwance, dabba takan ɗauka daji lafiya lau yake. Wannan amana da ke tsakanin tsuntsu da dabba ita maharbi ya ara. Sai ya ɗaura kan a goshi, ya rufe jikinsa da baƙin zane, ya duƙa cikin ciyawa har ya zamana wuyan da bakin kaɗai ake hange. Daga nan sai ya shiga tafiyar burtu: ya sunkuya kamar ya ga fara, ya ɗago, ya waiga, ya yi taku uku gabas, ya tsaya, ya karkata kudu. Babban kuskure shi ne a miƙe sak zuwa ga dabba. Burtu ba shi da wata hulɗa da barewa, don haka duk burtun da ya nufo ta kai tsaye ya riga ya tona wa kansa asiri. Tafiyar da yaro zai yi kafin a gama kiran salla, maharbi yakan ci hantsi guda a kanta, gwiwa na zugi, ƙaya na suka, ƙuda na bin fuska, babu halin kora.

Duk wannan wahala ido kaɗai take ruɗarwa. Hanci ba ya ruɗuwa. Shi ya sa maharbi yakan riƙe 'yar toka a jaka, ko ya ɗebi ƙura ya saki domin ya ga inda iska ta dosa, ya zagayo ta yadda za ta buso daga dabba zuwa gare shi. In iska ta juya a tsakiyar sanɗa, aikin ranar ya ƙare.

Me ya sa sai an matso haka? Amsar tana cikin kwari. Kibiyar ƙasar Hausa kyauro ce da aka dasa wa kan ƙarfe mai kunnuwa, ba ta da gashin tsuntsu a gindi da zai daidaita ta cikin iska, saboda haka ba ta da tabbas in ta yi nisa. Kaka yakan ce shi bai yarda da harbin da ya wuce taki ashirin ba, ko da yake Hausawa sun ce harbi ga wutsiya ya fi kuskure. Ƙarfin kibiyar kuma yana ga dafin da aka shafa mata, wanda jigonsa 'ya'yan kwankwani ne, wasu kan haɗa da ƙaron tinya. Dafin kwankwani zuciya yake kamawa. (A nan akwai ɗan abin mamaki: John Kirk, likitan da ya raka Livingstone tafiyar kogin Zambezi, ya ga irin wannan dafi a hannun maharban can ya aika da shi Birtaniya, inda Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara ya tace sinadarinsa, har ya zama maganin ciwon zuciya a asibitocin Turai wajen 1885.) Bayan harbi kuma akwai bin sawu, domin Musulmin maharbi yana so ya cim ma dabba da sauran rai ya yanka ta, sa'an nan ya ƙwaƙule naman da ke kewaye da raunin ya yar.

Da na girma na shiga karatun tarihi, sai na lura cewa littattafai da makami suke auna ci gaban ɗan Adam a farauta: daga dutse zuwa mashi, daga mashi zuwa baka, daga baka zuwa bindiga. Bisa wannan ma'auni kakana yana can matakin baya, ana kiran kayansa makaman jahiliyya. Ban musa cewa bindiga ta fi baka kai wa nesa ba. Abin da na musa shi ne a ce makamin shi ne fasahar. A ganina, ga mutumin da makaminsa ba ya wuce taki ashirin, fasaha tana cikin yadda ya cinye sauran tazarar, daga taki ɗari uku da barewa ke iya hango shi zuwa inda zai ji ƙarar taunarta. Wannan fasaha ba ta barin ƙarfe ko dutse da za a haƙo. Tana gwiwa da ido da kwanya, tana mutuwa tare da mai ita. Sai dai jefi-jefi ƙasa takan riƙe ɗan alamarta, kuma domin mu ga waɗannan alamu dole mu fita ƙasar Hausa.

Kafin mu fita, akwai gyara ɗaya. Barewar Turai da Amurka ba irin tamu ba ce. Ƙahonta reshe-reshe ne kamar itace, galibi namiji ke da shi, yana kuma zubar da shi duk shekara wani ya tsiro, alhali tamu da ƙahon da ta fara take mutuwa. Amma a tsoro da jin wari da saurin zabura dangi ne, kuma matsalar da suka ɗora wa maharbi iri ɗaya ce, don haka zan ci gaba da kiransu duka barewa.

A wani wuri da ake kira Neumark-Nord, kusa da birnin Halle na ƙasar Jamus, masu haƙar gawayi sun tono gaɓar wani tsohon tafki cike da ƙasusuwan dabbobi na kimanin shekara 120,000 da suka wuce, zamanin mutanen nan na dauri da ake kira Niyandatal. A cikin ƙasusuwan akwai na barewa biyu, maza, majiya ƙarfi: ɗaya da huji a ƙashin ƙugu, ɗaya a ƙashin wuya. A 2018 Sabine Gaudzinski-Windheuser da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin da suka yi da masu na itace a kan ƙashin barewa, suka nuna cewa hujin ƙugun ba na mashin da aka jefa daga nesa ba ne. Soka shi aka yi da hannu, daga ƙasa-ƙasa. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Mutum riƙe da sanda mai tsini ya isa ga lafiyayyen namijin barewa har ya soke shi kamar yadda ake soke rago a turke. Ƙashin bai faɗi yadda ya isa ba, ko kwanton ɓauna ya yi a gaɓar ruwa, ko 'yan uwansa ne suka koro masa dabbar. Abin da ya tabbatar shi ne tazarar, kuma tazarar tsawon mashi ce.

Alama ta biyu ta fi kusa da batunmu. A Star Carr, arewa maso gabashin Ingila, Grahame Clark ya haƙa wani mazaunin maharba tsakanin 1949 da 1951, mazaunin da ya kai shekara 11,000. Laka mai danshi ta adana kayan ƙaho da ƙashi da a wani wuri da tuni sun ruɓe. Daga ciki akwai ƙoƙon kan barewa guda 21, kowanne an yanke ƙasansa, an kankare cikinsa, an rage ƙahonnin an fafe su domin su yi sauƙi, aka kuma huda ƙoƙon. Haƙan da aka sake yi a wannan ƙarni ya ƙaro wasu. Babu mai shakkar cewa a ka ake ɗaura su. Gardamar ita ce: domin me? Clark da kansa ya ajiye amsa biyu, ko dai shigar farauta ce, ko kuwa kayan rawar tsafi. Tun daga lokacin masana suka rabu, kuma a shekarun baya-bayan nan da yawansu sun karkata ga tsafi, suna kwatanta su da adon bokayen Sabiriya.

Masu cewa farauta ba su rasa shaidu ba, sai dai shaidunsu daga wata nahiya suke. Jacques Le Moyne, mai zane da ya bi ayarin Faransawa zuwa Filorida a 1564, ya bar hoton maharban ƙabilar Timucua sun lulluɓa da fatar barewa har da kai da ƙaho, suna leƙe ta ramukan ido, baka a hannu, barewa na shan ruwa a tsallaken rafi. Theodor de Bry ya buga shi a 1591, kuma ko da yake ana zargin ya yi wa zanen kwaskwarima, dabarar da ke ciki wasu ma sun gan ta. John Smith, a bayaninsa kan ƙasar Bajiniya da aka buga a 1612, ya siffanta maharbin da ke zura hannunsa cikin wuyan fatar barewa, yana motsa cusasshen kan kamar dabbar tana kiwo. Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai, domin motsin da ya siffanta na sha ganinsa a tsakar gidanmu.

Amma shaidar da ta fi taɓa ni ita ce ta Ishi. A ƙarshen watan Agusta na 1911 aka tsinci wani mutum a ramme, cikin tsumma, a shingen wata mayanka kusa da garin Oroville na Kalifoniya. Shi ne ya rage daga mutanen Yahi, waɗanda baƙin da suka kwararo neman zinariya daga 1849 suka kusan ƙarar da su. Ya shafe shekaru arba'in da wani abu yana ɓuya cikin duwatsu tare da 'yan tsirarun danginsa har suka ƙare. Bai taɓa faɗin sunansa ba, domin a al'adarsu mutum ba ya ambaton sunan kansa. Alfred Kroeber ne ya sa masa Ishi, wato mutum a harshensu. Aka ba shi masauki a gidan kayan tarihi na jami'a a birnin San Faransisko, inda ya yi abota da wani likitan fiɗa, Saxton Pope, wanda ya zama almajirinsa a harbin baka.

Abin da Pope ya rubuta a littafinsa na 1923 kan farauta da kwari da baka ya isa darasi. In an kafa allon gwaji aka ja layi, Ishi ba wani gwani ba ne, Turawan da suka koya daga baya sukan fi shi maki. Amma in an shiga daji labari ya sauya. Kafin ranar farautar barewa ba ya cin kifi, ba ya shan taba, domin dabba tana jin warinsu daga nesa. Yakan yi wanka a rafi da asuba, ya wanke baki. Yakan ninka ganye ya sa a leɓe ya tsotsa, ya fitar da kukan ɗan barewa, uwa ta taho da kanta. Yakan kuma kifa cusasshen kan barewa a kansa, ya ɗaga shi bisa kurmi yana sunkuyarwa kamar mai kiwo, har namiji ya matso ya ga wane ne wannan baƙo. Da za a ɗauko shi a ajiye a ƙofar ɗakin kakana, ba sa buƙatar tafinta. Ishi ya rasu da tarin fuka ranar 25 ga Maris, 1916. A 1961 masu farauta da baka a Amurka suka kafa ƙungiya da sunan Pope da abokinsa Art Young, wadda babban aikinta shi ne auna ƙahonnin dabbobin da aka harbe a rubuta wanda ya fi girma. Ban ga alamar Ishi ya taɓa auna ƙaho ba.

Yanzu sai mu koma ga layun nan biyu. Masanan da ke gardama kan Star Carr suna tambaya ne kamar dole a zaɓi ɗaya: ko kayan aiki, ko kayan tsafi. Ni da na tashi ina kallon kan burtu, tambayar ce ta zame mini baƙuwa. Wannan kai da Kaka ya ciyar da gida da shi, shi ne kuma ba a yarda yaro ya tsallake shi ba, ba a ajiye shi a ƙasa. Ɗaya daga cikin layun, in ji shi, ta sa'a ce, ɗayar kuma 'yar uwar layar zana ce, mai kawar da idon dabba daga kan mutum. Kuma da wannan kai dai yake fita fili ranar wasan maharba, mai komo na kaɗa masa takensa, yana kwaikwayon sanɗa a gaban jama'a, mata na guɗa. Da za a binne shi yau a haƙo bayan shekara dubu goma, wanda ya ga layu da jan ado zai rantse kayan bori ne, wanda ya ga yadda gumi ya cinye matashin goshin zai rantse kayan aiki ne, kuma kowannensu ya faɗi rabin gaskiya. Wani zai ce ƙahonnin Star Carr an rage su ƙwarai, ba za su ruɗi barewa ba. To, ai idon zakara ma bai yi kama da maƙogwaron burtu ba in an matso, amma dabba siffa da motsi take karantawa. Na san kwatance ba hujja ba ce, kuma tsakanin Falgore da arewacin Ingila akwai teku da shekaru dubbai. Iyakar da'awata ita ce, a wurin mutumin da abincin iyalinsa ya rataya a kan taki ashirin na ƙarshe, ba a raba dabara da roƙon sa'a. Ko wankan asubar Ishi, wa zai iya cewa ga inda kawar da wari ya tsaya, ga inda tsarki ya fara?

Ba na so a ɗauka ina kukan wani zamani na adalci tsakanin mutum da dabba. Mutuwar dafi ba mutuwa ce mai sauƙi ba, kuma kowane kan burtu da aka ɗaura a goshi, burtu guda aka kashe. Tsuntsu ne mai jinkirin haihuwa, ƙwai biyu yakan yi ya raini ɗa ɗaya, kuma tun 2018 yana cikin jerin halittun duniya da ake fargabar raguwarsu.

Akan ce bindiga ce ta kashe wannan sana'a, amma ban gamsu ba. Bindigar toka ba ta fi baka tabbas da wani abin kirki ba, ga jinkirin ɗuri. Ƙanen Kaka da ita yake fita, kan burtu na goshinsa. Dokar Turawa ta taɓa ta, domin yarjejeniyar kare namun dajin Afirka da aka ƙulla a Landan a 1933 ta nemi a hana makami mai dafi, alhali ta bar wa mai lasisi doguwar bindigarsa. Daga baya kuma aka killace dazuzzuka, irin su Yankari a 1956. Gona ma ta ci daji, ciyawar da za ta ɓoye mutum a duƙe ta ƙare. Amma abin da ya yi mata kisan ƙarshe, a ƙauyenmu dai, fitila ce. Wanda ya ɗaura fitila a goshi ya shiga daji da dare, ya haske idon gada, sai ta ƙame tana kallon hasken har a harbe ta. Ba ya buƙatar sanin tafiyar burtu, ba ya buƙatar toka, ba ya buƙatar gwiwa. Yarjejeniyar 1933 ta haɗa fitila mai kashe ido cikin abubuwan da ta ƙi, amma takarda ba ta kwana a daji. A daidai gurbin da matashin burtu yake zama a goshi, nan fitilar ta zauna, kuma cikin shekaru kaɗan gada ta yi wuyar gani a kewayenmu.

Kan burtun Kaka ba ya hannunmu. Bayan rasuwarsa wani dillalin kayan gargajiya ya zo ya saye shi a kuɗin da bai kai na tunkiya ba, ina makaranta a lokacin. Irinsa suna nan a gidajen kayan tarihi na Turai da Amurka, a cikin gilashi, a tsaye cak, wanda shi ne abu ɗaya da kan burtu ba ya yi in yana bakin aiki.

Sau ɗaya na taɓa ɗaura shi. Ina ɗan shekara goma sha biyu, da rani, na dame shi da roƙo har ya gaji ya ce, "To, angon ƙarya, ga awakin kakarka can a bayan danga. In ka taɓa wutsiyar ɗaya, na bar maka matar." Na ɗaura, na rufa da zane, na duƙa. Ban yi taku biyar ba awaki suka watse, har da mai ɗan kwana uku. Ya yi dariya har da tari, sa'an nan ya miƙo hannu ya ce, "Kawo nan." A lokacin ya haura saba'in, sai da ya dafa bango kafin ya iya duƙawa. Ya jira awakin suka dawo kan harawarsu. Daga nan na daina ganin kakana. Wani baƙin tsuntsu na gani yana tsintar abin da babu a ƙasa, yana waige, yana tafiya kamar ba wurinsu za shi ba. Wata jar akuya ta ɗago kai ta dube shi, ta ci gaba da tauna. Ya daɗe ƙwarai, har na fara ƙosawa. Can sai na ga hannu ya fito daga ƙarƙashin zane ya kama ƙafarta ta baya.

Ni na je na tashe shi, domin gwiwar ta ƙi miƙewa.